Tantance Tsayuwar Gwaji a Manhajojin Shaɗaranji da Darasinsa ga Darar Ƙasar Yawuri

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda masana kwamfuta suke auna ƙwarewar manhajojin da ke buga shaɗaranji, watau darar nan ta sarki da waziri da dawaki wadda Turawa ke kira ces, sa'an nan ta duba abin da za mu tsinta a cikin wannan aiki domin amfanin darar gida, musamman yadda ake buga ta a Yawuri da Ngaski da Shanga da garuruwan bakin tafkin Kainji a Jihar Kebbi.

Abin da ya jawo hankalinmu kuwa shi ne tambayar wani ɗalibinmu, mutumin Wara, wanda ya rubuta 'yar manhaja mai buga dara a matsayin aikinsa na kammala karatu. Da ya gama sai ya ce, "Malam, ta yaya za a san ta iya?" Muka ce ya tsara mata tambayoyi. Ya tsara guda goma, ta amsa tara daidai, muka yaba. Ranar da aka haɗa ta da wani dattijo ɗan dara, sau uku suna bugawa yana cinye ta. Da muka koma kan tambayoyin sai muka tarar laifin namu ne: mun jarraba manhaja da tambayoyin da ba mu jarraba ba. Wannan shi ne jigon takardar. Tambayar gwaji ita ma tilas ne a gwada ta kafin a gwada wani da ita.

2.0 Yadda Manhaja ke Zaɓen Motsi

Kafin mu yi nisa ya kamata mu fayyace kalma ɗaya. Idan muka ce "tsayuwa" muna nufin yadda 'ya'yan wasa suke zaune a kan allo a wani lokaci, tare da sanin wanda ke da motsi. "Tsayuwar gwaji" kuwa ita ce wadda aka tsamo aka ajiye gaban mai wasa, mutum ko na'ura, aka ce ya faɗi motsin da ya fi.

A shekarar 1950 Claude Shannon na Amurka ya wallafa maƙalar da ta zama harsashin wannan fanni. Ya nuna cewa manhaja tana bukatar abu biyu. Na farko shi ne bincike, watau ta bi motsinta, da martanin abokin karawa, da martaninta ga martaninsa, har iyakar inda lokaci ya ba ta dama. Na biyu shi ne ƙiyasi, watau idan ta tsaya ta sa wa tsayuwar da ta isa gare ta daraja da lamba. A ƙiyasin da aka saba, dakare yana da maki 1, doki da giwa 3 kowanne, hasumiya 5, waziri 9.

Wahalar tana ga bincike. A tsakiyar wasa mai shaɗaranji yana da zaɓi wajen 30 a kowane motsi. Idan manhaja za ta hango motsi uku nata da uku na abokin karawa, sai ta duba tsayuwa 729,000,000. Saboda haka dole ta tsaya a wani wuri, kuma duk abin da ke bayan wannan wuri ba ta ganinsa. Hans Berliner ya yi bayanin wannan aibi a 1973: manhaja takan yi ta ba da ƙananan 'ya'ya domin ta tura wata babbar asara zuwa bayan iyakar ganinta, tana zaton ta tsira, alhali kuwa ta ƙara wa kanta asara ne kawai.

Ke nan manhaja tana iya kuskure ta hanya biyu, ko ta gaza hangowa, ko ta hango amma ta yi mugun ƙiyasi. Wasa cikakke yana nuna mana cewa ta faɗi, amma ba ya nuna mana dalili. Tsayuwar gwaji ita ce take ware ciwon, kamar yadda malami ke ware tambayar rarrabawa daga tambayar tarawa domin ya san inda yaro ya rauni.

3.0 Fitattun Jarrabawa da Abin da Suka Koyar

A 1982 Ivan Bratko da Danny Kopec suka fito da jarrabawa mai tsayuwa 24. Rabinsu na dabarar kai hari ne, inda jerin motsi na tilas ke kai ga riba a fili. Sauran rabin na tsarin dakaru ne, inda ake tura dakare ɗaya domin a buɗe fili, ribar kuma ba ta bayyana sai can gaba. Mai amsa yana iya jera zaɓinsa: idan amsar ita ce zaɓinsa na farko ya sami maki cikakke, idan ta biyu ce rabi, idan ta uku ce sulusi. An ba mutane, an kuma ba manhajoji. Sakamakon ya nuna cewa manhajojin wancan zamani sun fi ƙarfi a kashi na farko, sun yi rauni a na biyu. Wannan rabo gida biyu shi ne babbar fa'idar jarrabawar.

Masu rubuta manhaja sun kuma ari littafin Fred Reinfeld na 1958 mai suna Win at Chess, wanda ke ɗauke da tsayuwa 300. An rubuta shi ne domin masu koyo, amma ya zama abin gwajin manhajoji shekaru da yawa. Da na'urori suka yi ƙarfi sai aka gano cewa wasu tambayoyinsa suna da amsa fiye da ɗaya, har aka riƙa gyara jerin amsoshin.

A 1994 Pierre Nolot na Faransa ya tara tsayuwa 11 masu tsananin wuya ga manhajojin lokacin. Bayan shekaru, yawancinsu sun zama abin da manhaja ke warwarewa nan da nan. A tsakanin nan ne, a watan Mayu na 1997, na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov da maki 3½ da 2½. Ke nan tambaya ita ma tana tsufa.

Akwai tsayuwa ɗaya da ta cancanci a tsaya a kanta, wadda Emanuel Lasker da Gustavus Reichhelm suka tsara a 1901, ta kuma shahara da lamba 70 a littafin Reuben Fine na 1941 a kan ƙarshen wasa. Ba kowa a allon sai sarakuna biyu da dakaru bakwai waɗanda suka toshe juna. Motsi ɗaya tak ne ke kai Fari ga nasara, ribar kuma ba ta bayyana sai bayan tafiya mai nisa. Manhajar da ke tuna tsayuwar da ta riga ta duba takan warware ta cikin ƙiftawar ido, domin sarakunan suna zagayawa ne a gidaje kaɗan. Wadda ba ta da wannan ajiya sai ta yi ta maimaita aikin da ta riga ta yi. Wannan tambaya abu ɗaya take aunawa, kuma tana auna shi sarai. Irinta ake nema.

Sa'an nan sai batun amsar kanta. Tun 1851, bisa nazarin Kling da Horwitz, masana suna ganin cewa mai doki ɗaya yana iya tsare kansa daga mai giwa biyu, wasa ya tashi kunnen doki. A farkon shekarun 1980 Ken Thompson da wasu suka sa kwamfuta ta lissafa dukkan tsayuwar irin wannan ƙarshen wasa, tana farowa daga ƙarshe tana komowa baya. Sai ga shi mai giwa biyu ne ke ci a mafi yawan lokaci, ko da yake wani lokaci sai bayan motsi fiye da 60. Da an sa wannan tsayuwa a jarrabawa kafin lokacin, da manhajar da ta faɗi gaskiya ita za a kayar. Zuwa 2012 an kammala irin wannan lissafi a Mosko ga kusan duk tsayuwar da 'ya'yanta ba su wuce bakwai ba.

4.0 Sharuɗɗan Tsayuwar Gwaji Mai Kyau

Duk wanda ya koyar da darasin gwaji da aunawa a kwalejin ilmi zai ga cewa matsalolin nan ba baƙi ba ne. Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da sharuɗɗa shida.

Na farko, amsa ta zama gaskiya. Shaharar wanda ya ba da ita ba hujja ba ce. A bi kowane martani na abokin karawa har a tabbata.

Na biyu, amsa ta zama ɗaya, ko kuwa a rubuta dukkan amsoshin da suka halatta. A tsarin rubuta tsayuwar gwaji na shaɗaranji akan nuna motsin da ya fi, akan kuma nuna motsin da ake so a guje wa. Wasu jarrabawa na baya-bayan nan suna ba motsi mafi kyau maki cikakke, su ba na kusa da shi wani abu.

Na uku, a tabbata dalilin amsa daidai ne. Manhaja tana iya dacewa da motsin kirki bisa ƙiyasin banza, kamar ɗalibin da ya cinki amsa. Don haka akan duba jerin motsin da take tsammani da darajar da ta sa wa tsayuwar, a kuma ga ko ta tsaya a kan amsar idan an ƙara mata lokaci.

Na huɗu, tambaya ta bambance gwani da ɗan koyo. A ce mun ba gwanaye goma da 'yan koyo goma tambaya ɗaya. Idan tara daga gwanaye suka ci, uku daga 'yan koyo suka ci, ƙarfin bambancewarta 0.6 ne, tambaya ce mai kyau. Idan kowa ya ci, ko kowa ya faɗi, ba ta gaya mana komai ba. Idan 'yan koyo suka fi gwanaye ci, to a koma a duba amsar, da alama ita ce ba daidai ba.

Na biyar, yawan tambayoyi ya isa. A jarrabawa mai tambaya 24, mai wasan da ke cin rabi makinsa yana iya hawa ko sauka da biyu zuwa uku saboda sa'ar zaɓen tambayoyi kurum, watau wajen kashi 10 cikin 100. A mai tambaya 300 wannan tangarɗa wajen maki 9 ce, watau kashi 3 cikin 100. Saboda haka wanda ya ce manhajarsa ta fi ta wani domin ta ci 17 waccan ta ci 15 cikin 24, bai kawo hujja ba tukuna.

Na shida, kada a koyar da manhaja amsar jarrabawa. Idan marubuci ya yi ta gyara ƙiyasinta har ta ci kowace tambaya, makinta zai hau amma wasanta ba lalle ne ya gyaru ba, wani lokaci ma sai ya lalace, dara ta ci gida ke nan. Wannan ya sa masu kula da manhajar Stockfish, tun 2013, suke gwada kowane gyara ta hanyar sa sabon tsari ya kara da tsohon a dubban wasanni. Tsayuwar gwaji ta gano ciwo ce. Hukunci a kan wanda ya fi ƙarfi na wasa cikakke ne.

5.0 Dara a Ƙasar Yawuri

Shaɗaranji ba baƙo ba ne sarai a ƙasarmu. Malamai sun san sunansa a littattafan fiƙihu, kuma fadar Barno ta taɓa samun irin nata, wanda 'ya'yansa ke ɗauke da sunayen sarautu kamar Mai da Ciroma da Kaigama. P. G. Harris, jami'in mulkin mallaka wanda ya wallafa bayanai a kan Yawuri a 1930, shi ne kuma ya rubuta gajeren bayani a kan shaɗaranjin Barno a 1939. A yau da wuya a sami mai buga shi. An san sunayen 'ya'yansa da yadda suke tafiya, amma dabarun gwanayensa sun tafi tare da su.

Darar gida kuwa tana nan da ranta. Akan haƙa gidaje 30 a ƙasa, layi biyar masu gida shida shida, ko da yake a wasu wurare akan yi shida masu bakwai bakwai. A allo mai gida 30 kowa yana da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa, wancan da kara. Akan fara da zubi, ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a shiga tafiya, gida ɗaya gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku a layi ya cire ɗa ɗaya na abokin karawa, wanda kuma 'ya'yansa suka koma biyu an cinye shi. R. C. Bell, a littafinsa na wasannin allo na 1960, ya kawo ta a matsayin wasan Dakarkari, maƙwabtan Yawuri ta wajen Zuru. Zabarmawa kuma suna da tasu wadda suke kira dili.

Ƙasar Yawuri wuri ne da ya dace da wannan nazari saboda haɗuwar jama'a. Akwai Hausawa da Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukkawa da Lopawa, ga kuma Sarkawa da sauran masunta da ke zuwa daga nesa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da ƙauyuka da yawa na kogin Kwara, aka sake wa mutum wajen 44,000 matsuguni. Mutanen da a da ruwa ya raba su suka zama maƙwabta. Inda jama'a daban-daban suke zama a inuwa ɗaya, a kasuwar Yelwa ko a bakin ruwa a Wara, nan ne ya kamata mai nazari ya fara tambayar wace doka ake bi, domin dokar dara ba a rubuce take ba.

6.0 Misali Daga Allon Dara

Mu sa wa layukan nan biyar suna A, B, C, D, E daga sama zuwa ƙasa, gidajen kowane layi kuma 1 zuwa 6 daga hagu. Mai tsakuwa yana da 'ya'ya a A1, A2, B4, B5 da C3. Mai kara yana da nasa a A4, D6, E1, E3 da E5. Motsi na mai tsakuwa ne.

Kowane ɗan koyo zai ga cewa a tura C3 zuwa B3, a jera uku. Idan tambayar ta tsaya nan ba ta bambance kowa da kowa ba. Gwajin yana ga wanda za a cire. Amsa ita ce A4. Dalili kuwa, ɗan da ya shiga B3 idan ya hau A3 ya cika layin A1, A2, A3, idan ya sauko B3 ya sake cika nasa na farko, yana kai da komo yana ci a kowane motsi. Karan da ke A4 shi kaɗai ne ke iya shiga A3 ya toshe hanyar. Da an cire shi, mai tsakuwa zai ci sau uku a jere, yana cire duk wanda ya matso ko ya yi shirin jera uku, wasa ya ƙare a motsi na uku. Idan aka cire wani daban, sai A4 ya shiga A3, cin jere ya tsaya.

To amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, amsar ta zama ɗaya ce domin mun ce "a ci cikin motsi uku". Idan muka ce kawai "wane motsi ne ke kai ga nasara", ba mu tabbatar cewa sauran zaɓin ba sa kaiwa a hankali ba, sai mun bi su. Na biyu, mu ɗan gyara tsayuwar: mu mai da karan E3 zuwa D3, na E5 zuwa E2. Yanzu mai kara shi ma yana shirin jera E1, E2, E3. Idan mai tsakuwa ya cire A4, mai kara zai jera nasa ya yi ci. A majalisar da ba a taɓa ɗan da ke cikin cikakken layi, dole ya ɗauki A1 ko A2. A inda ake taɓawa kuwa yana iya ɗauke B3 ko B4, ya rushe layin da ke hannu. Tsayuwa ɗaya ce, amma tambaya biyu ce. Irin wannan kuskure ne muka samu a tambayoyin ɗalibinmu: wasu sun yi sauƙi, wasu kuma ba a faɗi dokar da aka gina su a kai ba.

7.0 Abin da Za a Iya Yi

Dara tana da wata dama wadda shaɗaranji ba shi da ita, watau ƙanƙanta. Hanyoyin zaunar da 'ya'ya uku da uku a gida 30 su ne 11,875,500, na huɗu da huɗu kuma 409,704,750. Na farkon kwamfutar ofis tana iya bin su duka daga ƙarshe zuwa baya, kamar yadda Thompson ya yi. Na sha biyu da sha biyu sun haura tiriliyan ɗaya da rabi kafin a cire waɗanda doka ta hana. Wannan babban aiki ne, amma an yi makamancinsa. Ralph Gasser ya warware wasan jera uku na Turawa mai 'ya'ya tara tara a 1993. A 2002 masana a Amstadam suka warware awari, ɗan'uwan darar gurbi sha biyu, bayan sun lissafa tsayuwa fiye da biliyan 889. A 2007 Jonathan Schaeffer da abokan aikinsa a Kanada suka warware dirafti mai gida 64. Duka ukun sun nuna cewa idan ba wanda ya yi kuskure wasa kunnen doki ne.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. A fara rubuta dokoki majalisa majalisa, a Yelwa da Bin Yawuri da Wara da Shanga, ba tare da an ce ta wani ce daidai ba. A ɗauki tsayuwar gwaji daga wasannin gwanaye na gaskiya, da izininsu, a rubuta dalilin da suka bayar da bakinsu. A raba su kashi uku: na zubi, na tsakiyar wasa, na ƙarshen wasa. Na ƙarshen wasa a tabbatar da su da lissafin kwamfuta. Na zubi kuwa, inda ribar motsi take nesa ƙwarai, a ba gwanaye da yawa kowa shi kaɗai, a riƙe waɗanda bakinsu ya zo ɗaya a kai. A gwada kowace tambaya a kan gwanaye da 'yan koyo kafin a kai ta gaban manhaja. A kuma ɓoye wani kaso daga marubutan manhaja, kamar yadda ake ɓoye takardar jarrabawa.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa manhaja tana kuskure ta wajen hange ko ta wajen ƙiyasi, kuma tsayuwar gwaji ita ce ke nuna wanne ne. Mun ga yadda tambayoyin shaɗaranji suka tsufa, wasu amsoshinsu suka rushe, har masana suka mai da hukuncin ƙarshe ga dubban wasanni. Mun kuma nuna cewa a dara akwai sharaɗin da ya riga dukkan sauran, watau a faɗi dokar da ake bi. Aikin da muke kira gare shi aiki ne na malaman kwamfuta da na lissafi da na Hausa gaba ɗaya, kuma ɗaliban kwalejojinmu da suka fito daga garuruwan nan suna iya fara shi da littafin rubutu da fensir a hutu mai zuwa, tun dattawan da suka san amsoshin suna nan a majalisunsu.